Ranar da Aka Zo Makarantar 'Yan Mata da Diga

Wata ɗaliba daga cikin masu karanta labarai a taburin safe, wato layin da ɗalibai ke yi kafin shiga aji, ta tare ni kwanan baya, ta ce, "Amm Harun, kai dai ka huta a duniya. Ka soka waya, ka murɗa maɓalli, ka koma inuwa kana shan shayi." Ƙawayenta suka yi dariya, ni ma na taya su. Maganar shayin gaskiya ce. Amma da malamarsu ta nemi in rubuta wani abu a mujallar ƙarshen shekara, sai na ce to, bari in gaya muku yadda sana'ar lasifika take, da abin da na taɓa jawo wa makarantar nan. Karatuna bai wuce awwaliya ba, wato firamare, Hausa kuma a baki muka gaje ta, ba a takarda ba. Inda na karkace ku gyara.

A tsohon Omdurman aka haife ni. Kakanninmu sun taso daga yamma za su aikin hajji, suka yada zango a nan, zangon bai ƙare ba har yau. Mahaifina ɗinkin takalma yake yi a kasuwa. Da ya ga hannuna ba ya jin fata, sai ya kai ni Bahri wajen wani abokinsa, Usta Bashir, mai gyaran rediyo da hayar lasifika. Kullum da sassafe nake haye gada a kan keke.

Aikin farko da Usta ya ba ni shi ne naɗe waya. Na ɗauka wasa ne. Na kama na nannaɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar shanya, na kai masa ina jiran yabo. Ya karɓa, ya jefa ta tsakar shago, ta dunƙule kamar hanjin rago. Ya ce in warware in sake. Waya in aka naɗe ta a gwiwa murɗewa take yi daga ciki, zaren jan ƙarfen ya karye inda ido ba ya gani, sai ranar da liman ya kai tsakiyar huɗuba murya ta ɗauke. Ana naɗe ta ne a tafin hannu, zagaye ɗaya ta sama, na biye ta ƙasa, kana jin ta da yatsa ko ta ji ciwo a wani wuri. Na yi watanni ba na taɓa komai sai waya da batirin mota. Ruwan batirin ya cinye min jallabiya har uwata ta daina ɗinka min sabuwa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai akwatin ƙara murya, wanda muke cewa jihazi. Akwai makirufo da sandarsa, akwai ƙahonin da ake ɗaurawa a sama, sai batir, sai ƙarfen liƙi da dalma. Ƙarfen liƙin namu ba na lantarki ba ne, a garwashi muke ɗora shi, garwashin da Usta ke dafa kofinsa. Sau da yawa sai ka rasa ko ƙamshin kofi kake ji ko na dalma. Sirrin aikin kuwa ba a cikin kayan yake ba.

A wani biki da muka je a Bahri ne na gane haka. Na ɗaura ƙahoni, na tsaya jikin jihazi ina murɗa maɓalli, ina jin komai daidai. Usta ya zo ta bayana.

"Ya walad, ina kunnenka?"

"Ga shi, Usta."

"To ɗauke shi ka kai can bayan fili, inda matan nan ke zaune. Ka bar min hannunka a nan."

Na je bayan filin. Ba a jin komai sai gurnani. Iska tana kwashe muryar mawaƙin tana kai wa maƙwabta da ba a gayyata ba. Daga ranar na san cewa mai lasifika ba ya zama kusa da kayansa. Da ƙafa yake aiki. Sai ka zaga wurin, ka san daga ina iska ke tasowa, don iskar sanyi daga arewa take zuwa, ta damina daga kudu. Sai ka san wane bango ne zai dawo maka da murya. Kuma kada ka yarda makirufo ya tsaya a gaban ƙaho, in ba haka ba ya yi wannan kukan da ke sa yara toshe kunne, manya su juyo suna neman wanda za su zaga.

Usta Bashir bai taɓa duka na ba, bai kuma taɓa yaba min a gabana ba. Ranar da ya sallame ni ya ba ni tsohon jihazinsa da ƙahoni biyu, ya ce in na samu in biya, in ban samu ba in yi masa addu'a. Allah Ya jiƙansa. Addu'ar ta fi yawa.

Na yi aiki wa mutane iri-iri. Masu biki, masu saukar Alƙur'ani, rumfunan maulidi, 'yan ƙwallo da ke son a riƙa faɗin sunansu. Masu biki sun fi kowa wahala, don uban ango yana son a ji shi har Khartoum, uban amarya yana son a rage. A nan zan faɗi aibina, tunda shi ne ya kai ni ga abin da zan ba ku labari. Ina son jin muryata a ƙaho. Gwajin da ya kamata a yi shi a taƙaice, sai in ja shi, ina ta "alo, alo", ina gaida mutane da sunayensu. Akwai daren bikin da wata tsohuwa ta aiko cewa mijinta ba shi da lafiya a gidan da ke bayanmu, a rage. Na sa hannu a maɓalli kamar na rage, ban rage ba. Ban san sunan tsohon ba har yau, amma ina sa shi a addu'a.

Makarantar nan ta Dar Salam, lokacin da na fara zuwa, babu lantarki, babu itatuwan da kuke zama a ƙarƙashinsu yanzu. Shugabarta Ustaza Su'ad ce, 'yar Bahri, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ita ta neme ni, ta ce tana son 'yan matanta su yi iza'ar safe, wato karanta labarai a lasifika, kamar makarantun cikin gari. Sai in ɗoro batir da jihazi a kan karo, amalanken da jaki ke ja, in iso kafin a buga ƙararrawa. Ɗalibai su yi layi, a buɗe da Alƙur'ani, wata ta karanta hikimar ranar, sannan a zo kan labarai: wasan ƙwallon raga da makarantar Umbadda ranar Alhamis, muhawara tsakanin aji biyu da aji uku, tafiya kallon kayan tarihi a Khartoum, kowa ta zo da izinin mahaifinta, ranar da za a fara jarrabawar gwaji. Ku da kuke yi yanzu da wayar hannu da ɗan akwati, ba ku ga yadda iyayenku mata suka ji tsoron makirufo ba. Wata ta tsaya nesa da shi kamar zai cije ta, wata ta kusa haɗiye shi. Ni ke koya musu: tazarar tafin hannu tsakanin baki da ƙarfe, kada ki hura, kada ki juya kai kina magana. Na sa wa makirufon safa don ƙura, suka raɗa masa suna Abu Shurrab, wato mai safa.

Ƙahonin duka cikin fili suke kallo. Ba wanda ke wajen katanga da ya san abin da ake faɗa. Mutanen unguwar yawancinsu Hausawa ne da suka baro gonakin auduga na Jazira, suka zo neman aikin yini. Hausarsu ta fi tawa kauri. Ina gaida su a hanya, suna amsawa, sai na ɗauka na san su. Ban taɓa kwana a unguwar ba, ban taɓa zama a majalisarsu ba.

Sai shekarar ruwa ta zo. Damina ta yi abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Gidajen ƙasa suka narke kamar sukari a shayi. Ɗakin da nake ajiye kaya ya zauna a kan jihazi da ƙaho ɗaya. Ƙahon ya lotse, ba ya gyaruwa. Jihazin na kwance shi gaba ɗaya, na wanke laka da buroshin haƙori, na shanya kayan cikinsa a rana a kan faifan matata, na yi ta liƙi har ya yi tari ya farfaɗo. Biki kuwa babu. Wa zai yi aure ba shi da ɗaki? Makarantar nan kaɗai ta rage min, Ustaza Su'ad kuma ba ta sallame ni ba, ko da yake ita ma ba ta da abin ba ni sai shayi da ful, dafaffen waken da malamai ke ci. Ban manta mata wannan ba.

Makarantar ta fi ni shan kashi. Ajujuwan manya sun faɗi, katangar baya ta kwanta. 'Yan aji uku, waɗanda za su zauna jarrabawar shahada ta kammala sakandare, a ƙarƙashin rumfar buhu suke karatu, suna zaune a kan tubalan da suka tsira. Wani jami'i ya zo daga ofishin ilimi, ya zaga, ya ce zai dawo kafin a rubuta sunayen masu jarrabawa. In ya tarar da ajujuwa a tsaye, shi ke nan. In bai tarar ba, za a rufe makarantar a rarraba ɗalibai a makarantun cikin gari. Kowa ya san ma'anar wannan. Ba uban da ke fama da rufin ɗakinsa da zai iya kuɗin mota kullum, ba kuma wanda zai bar 'yarsa ta fita kafin gari ya waye ta dawo bayan la'asar. Rufe makarantar na nufin su zauna a gida.

Ustaza Su'ad ta yi iya ƙoƙarinta. Ta je har Aljirif, wajen masu gasa bulo a bakin kogi, ta samu wani ya ba ta fasassu da waɗanda wuta ba ta gama ci ba. Aka jibge su a fili. Hannun da zai gina ne babu. Ta aika wa iyaye takarda, ta sake aikawa, ta kira taron majalisar iyaye. Waɗanda suka zo ba su cika benci ɗaya ba.

Wata safiya bayan tabur na same ta a ofis ta dafe kai. Na ce, "Ustaza, mutanen nan Larabcin baki suke da shi, na takarda babu. Ki bar ni in juya ƙaho waje in yi musu magana da Hausa. Yau ɗin nan za ki ga iyaye."

Ta ce, "Ka tabbata babu damuwa, ya Harun? Ko mu fara tambayar manyansu?"

Na ce, "Mutanena ne. Na san su."

Ita ta kawo shawarar da ta dace, ni na ture ta. Gaskiyar magana, na riga na hango kaina ina magana unguwa guda na saurare.

Na hau rufin ofis da ƙahon da ya rage min, na juya shi wajen unguwa. Iska tana bayana, ko Usta Bashir ba zai samu abin gyarawa ba. Na ja makirufo har saman rufin don in ga aikina. Na ƙwanƙwasa shi da yatsa, na gyara murya, na ce, "Assalamu alaikum jama'ar unguwa, maza da mata. Ana sanar da ku." Sai kuma halina ya motsa, na shiga jan gaisuwa da addu'o'i, ban kai ga maganar gini ba.

Daga sama ina ganin komai. Ƙofofi suka fara buɗewa. Mazan da ke tsaye a bakin titi suna jiran motar da ke kwasar 'yan aikin yini suka juyo, wasu ma sun riga sun hau suka diro. Na ji daɗi ƙwarai, na ƙara murya. Sai na lura kowane namiji ya shiga gida ya fito da diga ko shebur a kafaɗa. Na ce a raina, kai, mutanen nan akwai saurin fahimta. Sai na ga samari sun ɗauko angarib, gadon igiyar nan da ake ɗaukar gawa a kai. Mata na biye, sun yafa mayafi yadda ya samu. Ba mai magana da wani. A gabansu duka wata mata ce ke gudu ba takalmi, hannuwanta fari fat da ƙullu.

Na sauke makirufo.

Matar ita ce Hawwa mai kisra, wato siririyar wainar dawa, rumfarta na wajen tankin ruwa. Mijinta ya rasu tun suna Jazira, 'ya ɗaya gare ta, Asha, tana aji uku. Ta bangaje mai gadi ta shigo fili tana cewa, "Wace ce? Bangon ne ya faɗa musu? Asha ce?" Ba wanda ya gane abin da take nufi balle ya amsa. Ta zube a kan tulin bulo. Asha ta fito daga rumfar buhu da littafi a hannu, ta ce, "Inna, mene ne?" Hawwa ta kama fuskarta da hannu biyu, tana shafawa, tana shafawa, har yarinyar ta yi fari da ƙullu. Ba ta yi kuka ba sai daga baya.

Filin ya cika. Wani dattijo dogo mai sanda ya ratso mutane, shi ne Baba Idrisa, ladanin unguwar kuma babbansu tun daga kambo, wato zangon ma'aikatan gona da suka fito. Ya ɗaga kai ya dube ni a kan rufi.

"Kai ne mai sanarwar?"

"Ni ne, Baba."

"Ina gawar?"

"Babu gawa, Baba. Taro za mu kira, na iyaye."

Sannan ya ce, "Ɗan wane gida ne kai?"

Na faɗa masa.

"Ɗan Omdurman. To ji nan, ɗan Omdurman. Mu a wurinmu kiran salla da Larabci ne, huɗuba da Larabci, maganar hukuma da Larabci. Namiji ba ya hawa sama ya yi Hausa a lasifika sai an yi rasuwa. Kuma a kan rufin gidan da aka yi rashin ake hawa, don kowa ya san inda zai nufa. Ba ma tsayawa jin suna. Wanda ya tsaya saurare alhali maƙwabcinsa ya ɗauki diga, ya ji kunya. Haka muke tun a kambo. Ka tambayi ko yaro a hanya, da ya gaya maka."

Maza suka fara gunaguni, kuma suna da gaskiya. Motar aiki ta tafi, yinin ya salwanta, ga gidajensu a rushe. Wani ya ce a sauko da ni, wani ya ce a fasa ƙahon. Ustaza Su'ad ta fito ta tsaya a gaban tsani. Ba ta ji abin da aka faɗa ba, amma ta ga angarib, ta ga Hawwa a ƙasa. Ta ce da Larabci laifinta ne, ita ta ba ni izini. Ba laifinta ba ne, kuma ta sani.

Baba Idrisa kuwa idonsa ya riga ya tafi wani wuri. Ashe yawancin mazan nan ba su taɓa taka cikin makarantar ba. Wurin 'yan mata ne, kuma na hukuma, sai su tsaya daga bakin ƙofa. Ya dubi ajujuwan da suka kwanta, ya dubi rumfar buhu, ya dubi yaran da ke tsaye cikin rana da littattafai a ka. Ya kira Asha da hannu.

"Ke 'yar Hawwa, a nan kuke karatu?"

"Eh, Baba. Tun bayan ruwa."

"Bulon nan fa?"

"Na gini ne. Mufattish ya ce in ya dawo bai ga fasali a tsaye ba, za a ƙafal madrasa."

"Yi min Hausa, ba Balarabe ya haife ki ba."

"Za a rufe makarantar, Baba. Mu zauna a gida."

Ya juya ga Ustaza da Larabcinsa na Jazira, ya tambaye ta me ya sa ba a gaya musu ba. Ta ce ta aika takarda har ta gaji.

Ya ce, "Takarda. Ya Ustaza, mu takarda in ta zo daga hukuma, ko kora ce ko haraji. Ƙarƙashin tabarma muke sa ta mu yi addu'a." Ya dubi 'yan matan. "Ku kuma da kuka iya karantawa?"

Suka sunkuyar da kai. Wata ta ce a hankali, "Baba, gidanmu ma bai tashi ba. Kunya muka ji."

Wani mai suna Sale, wanda aka sani da barkwanci, ya dogara da digarsa ya ce, "To Baba, gawa babu, mota ta tafi, ga diga a hannu. Mu koma mu ce wa matanmu me?"

Baba Idrisa ya ce, "Akwai wanda ya kamata a binne, yana kan rufi. Amma yau a bar shi." Dariya ta ɗan ratsa mutane, ta farko tun da suka shigo. Ya soke sandarsa a ƙasa. "Wanda ya fito ya riga ya fito. Ku haƙa ramin kwaɓa a can. Ku sauko min da ɗan Omdurman ku sa shi a ciki, tunda yana da ƙarfin tara mutane, mu ga ƙarfin ƙafarsa."

Ranar na taka laka har magariba. Sale na tsaye a kaina yana cewa, "Alo, alo, ƙara murya, ba ma jin ƙafar hagu." Angarib ɗin da aka kawo don gawa, da shi aka yi ta jigilar bulo. Matan da suka zo zaman makoki suka koma suka ɗauko tukwane. Hawwa kaɗai ta kama hannun 'yarta suka fita, ba ta dubi inda nake ba.

Ba a gama a rana ɗaya ba. Suka mayar da shi gayya, abin da a nan ake cewa nafir, kowace Juma'a daga safe zuwa lokacin masallaci. Mutanen da ke kwana a ƙarƙashin leda suka tada ajujuwan 'ya'yansu kafin ɗakunansu. Duk wadda ke zaune a ajin da ke kusa da katangar baya, ta sani hannun kakanta na cikin bangon nan.

A Juma'a ta biyu Baba Idrisa ya kira ni da Ustaza, ya ce ya yi tunani. Labarin makaranta ya kamata ya riƙa isa gidaje, amma ba da muryata ba. Mace ba ta taɓa sanar da rasuwa ba, don haka in aka ji muryar yarinya a ƙaho, ba wanda gabansa zai faɗi. Ya sa ranar Alhamis bayan la'asar, ya kuma faɗa a masallaci don kowa ya sani. Ustaza ta zaɓi Asha. Ni aikina in juya ƙaho, in daidaita murya, in rufe bakina. Na ƙarshen ne ya fi min wuya, kuma shi ya fi amfanata.

Alhamis ta farko Asha ta tsaya gaban Abu Shurrab. Ta ce gobe akwai nafir, a zo da bokiti. Ta ce 'yan aji ɗaya sun ci 'yan aji biyu a muhawara. Ta ce mako mai zuwa za a fara darasin yamma na hisabi, wato lissafi, kyauta ne, iyaye su bar yara su tsaya. Rabin maganar Larabci ne, tsofaffin mata suka yi ta dariya a ƙofar gida suna gyara mata daga nesa. Amma darasin yamman ya cika.

Ni kuwa akwai abin da ya tsaya min. Na sayi sukari da ganyen shayi, na roƙi Baba Idrisa ya raka ni rumfar Hawwa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi kayan daga hannunsa. Na ce, "Hajja, na zo neman gafara." Ta ci gaba da shafa ƙullu a kan ƙarfe kamar iska ce ta wuce. A hanya Baba ya ce min, "Ka kashe mata 'ya tun daga rumfa har makaranta. Tafiyar da nisa. Ka ba ta lokaci." Kullum na wuce sai na gaishe ta, kullum ba ta amsawa.

Jami'in ya dawo kamar yadda ya ce. Rufin ajin ƙarshe ranar da ta gabata aka ɗora shi, yaɓen bai bushe ba. Ya zaga, ya danna bango da babban yatsa, yatsan ya shiga. Ustaza Su'ad ta kau da kai. Ya goge hannu da hankici, ya leƙa ciki ya ga yara a kan benci, ya ce a kawo masa sunayen masu jarrabawa. Ranar Talata ce, ba Alhamis ba, don haka sai da aka aika wa Baba Idrisa neman izini. Ya ce a faɗa, amma yarinyar ta faɗa. Asha ta ce, "Iyayenmu, makaranta ta tsaya. Ba za a rufe ba. Allah Ya saka muku." Guɗa ta tashi daga wannan gida zuwa wancan har ta fi ƙarfin ƙahona.

Na gode wa Allah da Ya sa wautata ta faɗa hannun mutanen kirki. Da wasu ne, da an fasa ƙahon an kore ni, kuma da ba su yi zalunci ba. Ina gode wa Ustaza Su'ad da ta tsaya a gaban tsani, da Baba Idrisa, Allah Ya haskaka kabarinsa. Da ya rasu, 'ya'yansa ni suka kira na ɗaura ƙaho a kan rufin gidansa, wani daga cikinsu ya yi sanarwar.

Bayan tafiyar jami'in da 'yan makonni, ina kwance waya a bakin ofis, sai na ga inuwa a kaina. Hawwa ce, da tiren kisra a ka.

"Harun."

Na miƙe da sauri har na taka wayar. "Na'am, Hajja."

"Ƙahon nan naka masallaci yake kallo. Maza ke jin yarinyar nan, ni sai wutsiyar magana ke iso min. Rumfata tana wajen tanki, ko ka manta?"

"Ban manta ba, Hajja. Kin yafe min?"

"Hau ka juya tukuna. In na ji ta sosai ranar Alhamis, ka biyo."

Na hau na juya. Ranar Alhamis da Asha ta fara magana, na bar jihazi na taka har kusa da tankin, na tsaya a bayan wata katanga ina saurare. Murya tana isowa tas. Washegari da safe na je rumfar, na yi sallama, na ce a ba ni kisra. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Amma ta amsa sallamar, kuma da ta gama naɗe kisrar sai ta ɗauko wata mai zafi daga kan ƙarfe ta ɗora a kai.